Sojan Ruwan Da Ya Jira Budurwarsa Ta Gama Makaranta

'Yan uwana mata, musamman ku ƙannena da ke makaranta, yau ba labarin ƙirƙira na zo muku da shi ba. Labarin wani dattijo ne da ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100 cif. Duniya ta san Jimmy Carter a matsayin shugaban Amurka daga 1977 zuwa 1981, amma ni sojan ruwan nake so mu tuna, da malamin, da kuma maigidan.

An haife shi a 1924 a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Plains a jihar Jojiya, garin manoman gyaɗa. Mahaifiyarsa nas ce, kuma ita ta taimaka wajen karɓar haihuwar wata 'yar maƙwabta a 1927, aka sa mata Rosalynn. Ashe matarsa ce aka haifa!

Yarinya ta girma ta zama ƙawar ƙanwarsa. A 1945 ya zo hutu daga makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa ta Annapolis, suka fita kallon fim sau ɗaya, gari na wayewa ya shaida wa mahaifiyarsa ya ga matar aure. To amma da ya furta mata, kun san abin da ta yi? Ta ƙi. Ba don ba ta son sa ba, sai don mahaifinta ya rasu tana 'yar shekara 13, kuma ta yi masa alkawarin sai ta gama karatu. Saurayi mai farin kaki da farin jini, amma ta ce ya jira. Shi ma bai yi zuciya ba, bai ce ta raina shi ba. Ta gama kwalejinta, aka ɗaura aure ranar 7 ga Yuli, 1946.

Ya yi shekara bakwai yana aikin soja, har a jiragen nan masu tafiya a ƙarƙashin teku. Tafiya ta yi yawa, ita ke riƙe gida da yara, ta saba da tsayawa da ƙafarta, kuma tana jin daɗin hakan. Kwatsam a 1953 mahaifinsa ya rasu, sai gogan naku ya ajiye aiki don ya koma gida ya riƙe sana'ar gyaɗa, ba tare da ya shawarce ta ba. Ran Rosalynn ya ɓaci matuƙa, a doguwar tafiyar da suka yi a mota zuwa Plains da ƙyar take yi masa magana. Suka tare a gidajen da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, ga 'ya'ya maza uku, ga fari ya ɓata amfanin gona.

A nan ne auren ya ɗauki sabon salo. Ita ta karɓi littafin lissafin kasuwancin, har ta zo ta fi shi sanin inda riba take, shi kuma ya koyi tambayarta kafin ya yanke hukunci. Da ya tsufa, da bakinsa ya amsa cewa abin da ya yi mata a 1953 kuskure ne. Maza nawa ne za su iya wannan? Daga baya suka sami 'yar auta mace, 'ya'ya suka zama huɗu.

Da ya faɗi zaɓe a 1980, suka koma gidansu na da, wanda suka gina tun 1961, ba su canza shi ba har mutuwa. Ya kama koyarwa a Jami'ar Emory a 1982, ranar Lahadi kuma yana ba da darasin addini a ƙaramin cocin garinsu har ya haura shekara 90.

Mu ma alherinsa ya iso mu. Ku tambayi iyayenku kurkunu, tsutsar nan da ake sha a ruwan tafki, ta fito a ƙafa ta kwantar da manomi da damina, ta hana yaro zuwa makaranta. Lokacin da cibiyarsa ta fara yaƙi da ita a 1986, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara. Ciwon ba shi da allura ba shi da ƙwaya, sai koyarwa: a tace ruwa, mai ciwo kada ya shiga tafki. Aikin malami ke nan. Janar Yakubu Gowon ya sa hannu, a 2013 aka tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da ita.

Rosalynn ta rasu a Nuwamba 2023 bayan shekara 77 da aure. Aka kawo shi wurin jana'izarta a keken marasa lafiya, duk ya rame. Yanzu kabarinsa na gefen nata a harabar gidansu.

Don haka ƙanwata, in wani ya ce ki zaɓa, ko shi ko makaranta, ki tuna Rosalynn. Mai son ki da gaske zai jira, in ya ɓata miki kuma zai ce ya yi kuskure. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.