Yadda Baduku Ya Ke Tsara Kayan Aikinsa

Duk wanda ya taɓa koyar da aikin hannu ya san abin da ya kan faru. A farkon shekara a raba wa aji almakasai da allurai sababbi, kafin a yi hutu sai a tarar rabi sun ɓace, sauran kuwa sun yi tsatsa. Mun daɗe muna ɗora wa yara laifin. Amma da muka je hutu ƙasar Gumel, muka yi kwanaki muna zama a rumfar wani dattijon baduku, sai muka gane laifin namu ne. Mu kan koya wa yaro yanka da ɗinki, ba mu koya masa inda zai ajiye wuƙa da allura ba.

Gumel tana arewa maso gabas da Kano, tafiyar kamar mil 75. Ƙasarta ta haɗa da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tana kuwa cikin Jihar Jigawa tun da aka kafa jihar cikin 1991. An kafa sarautar wajen 1750, aka taso da birninta daga Tumbi cikin 1845, ta kuma sha gwabzawa da Haɗeja da Damagaram. To, inda a ke yaƙi bisa doki ba a rasa baduku. Yaƙi ya wuce, amma hawan salla yana nan, ga kuma kasuwar Maigatari a bakin iyakar Nijar, mai ci ran Alhamis, inda a ke kawo shanu da raƙuma da tumaki da awaki. Saboda haka fata ba ta wuya, dukanci kuwa ya zauna da gindinsa.

Abin da muka fara lura da shi shi ne zaman dattijon. Yana bisa buzu, katakon yanka yana gabansa. A damansa wuƙa da basilla da almakashi, kowanne da mazauninsa, bakin wuƙa yana duban waje. A hagunsa zare da silin fata na ɗinki. Dutsen wasa wuƙa yana ɗan gaba kaɗan. Fatu suna rataye a bayansa. Watau abin da hannu ya ke nema kullum shi ne kusa, wanda a ke nema sau ɗaya a yini shi ne nesa. Muka ga yana miƙa hannu ya ɗauki basilla bai ko duba ba. Muka ce, "Baba, ba ka tsoron ta soke ka?" Ya ce, "Samari, ai inda na ajiye ta jiya nan ta ke yau. Idona na ɗinki ne, ba na neman kaya ba."

Kada a zaci son tsari ne kurum. Kayan baduku suna da abokan gaba, kowane ɗabi'a tasa kuwa maganin ɗaya ce daga cikinsu.

Na fari, rairayi. Ƙasar nan jigawa ce, allura in ta faɗi sai dai a yi haƙuri. Don haka ba ya ajiye ƙaramin abu a ƙasa. Allurai su kan zauna soke a jikin wani ɗan ƙyalle, basilla kuwa ya kan cusa bakinta cikin totuwar kara. Rairayi kuma yana cin kaifi, in hunturu ya shigo da ƙura sai ya rufe kayan da tsumma ko da salla zai tashi ya yi.

Na biyu, laima. Damina a can gajeriya ce, amma ta isa ta ɓata ƙarfe. Ya kan goge wuƙa da almakashi, ya shafa musu ɗan man gyaɗa kafin ya ajiye. Akwai kuma wani dalili da ya fi tsatsa. Da bagaruwa a ke jeme fata, bagaruwa kuwa in ta gamu da ƙarfe a wuri mai laima sai ta yi baƙi. Wannan ne asirin kuloko, baƙin rinin dukawa, wanda a ke haɗawa da kashin maƙera. Ashe ke nan wanda ya bar wuƙa ta kwana bisa jar fata mai danshi, ya yi mata rinin da ba ya fita. Shi ya sa kaskon kuloko ya ke zaune can gefe shi kaɗai, nesa da jan rini na karan dafi da rawaya na gangamau, kowane kasko kuma da nasa abin shafawa, ba a musaya.

Na uku, gara da ƙwari da rana. Fata ba ta kwana a ƙasa, domin gara daga ƙasa ta ke tasowa. Ba a kuwa ninke ta, sai a naɗe, fuskar tana ciki, gama ninki ya kan bar karaya, rana kuma tana kashe launi. Lokaci lokaci ya kan warware fatun ya kakkaɓe su saboda ƙwaron da ke cin fata. Ko yankakkun guntaye ba ya zubarwa. Ja da ja, baƙi da baƙi, kowane launi da ƙwaryarsa, da su ya ke yin adon kube da gafaka da ragama.

Na huɗu, ƙananan yara. Wannan ya fi sauran nauyi, domin ba asarar kuɗi ce kaɗai ba. Basilla in ta ɓuya cikin rairayi, yaro mara takalmi ya taka, raunin ƙarami ne a ido amma mai zurfi. Irin wannan rauni ne ke kawo ciwon nan mai sandarar da jiki ya ƙulle haƙora, gama ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Saboda haka kowace yamma kafin magariba dattijon ya kan ƙirga kayansa ɗaya ɗaya. In guda bai cika ba, ba mai tashi daga rumfar sai an gan shi. Ran Alhamis in zai ci kasuwar Maigatari, jakarsa mai aljihuna ce kamar zabirar wanzami. Aljihun da ya gani wofi, ya san abin da ya manta tun bai bar gida ba.

Ba a ƙasarmu kaɗai a ke wannan ba. A Ingila da Amurka akwai masu kamun kifi da su kan ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, kifi ya zaci abinci ne ya hadiye. Sana'ar ta daɗe, domin wani littafi da aka buga a Ingila cikin 1496 ya bayyana iri 12 na waɗannan ƙwarin ƙarya, yanzu ma a Kenya akwai masu ɗaura su don a sayar ƙasashen waje. Kayan aikinsu ƙanana ne ƙwarai: ɗan matsi mai riƙe ƙugiya, da almakashi, da allura, da hantsaki. Da yawansu su kan huda ramuka a jikin guntun katako su tsayar da kowane abu a raminsa, su raba ƙugiyoyi gwargwadon girma cikin akwati mai gida gida, su rufe gashin tsuntsun sosai don ƙwari. Bature bai taɓa ganin baduku na Gumel ba, shi ma bai san da Baturen ba, amma aiki ya kai su ga dabara ɗaya.

To, ga shawarar da mu ke ba waɗanda za su fita koyarwa. Kafin yaro ya taɓa fata ko ƙyalle, a ɗauki darasin farko duka a kan mazaunin kaya. A sami katako a huda ramuka, ko a buga ƙusoshi a zana siffar kowane abu a ƙarƙashin ƙusarsa, yadda wurin da ya ke wofi zai nuna kansa. A sa wa kowane almakashi lamba, a rubuta cikin littafi. A zaɓi yaro ɗaya kowane mako ya ƙirga a farkon darasi da ƙarshensa. A ware minti 5 na ƙarshe don gogewa da shafa mai da mayarwa, kada a bari sai an buga ƙararrawa. Wannan duka ba ya cin ko kwabo, kayan kuwa da kuɗin jama'a aka saye su, amana ce a hannunmu.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya saba mayar da allura inda ya ɗauko ta, gobe in an ba shi ajiyar littattafan ofis ko maganin asibiti, haka zai riƙe su. Wanda kuma ya sami hutu, ya daure ya zauna yini guda wurin baduku ko maƙeri ko wanzamin garinsu, ya cire girman kai na boko, ya duba inda su ke ajiye kaya. Gani ya kori ji. Allah ya sa mu amfana, amin.