Makon Farko na Jariri

A Mai Wurno, a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar a Sudan, ranar bakwai ake suna, kamar a Kano. To, amma makon nan ya fi kowane haɗari ga jariri. Ƙwayoyin bakteriya kan shiga jininsa lokacin haihuwa, ko ta cibiyar da aka yanke da reza marar tsabta. A ƙasashe masu tasowa, waɗanda aka fi samu su ne Klebsiella, E. coli da Staphylococcus aureus. Alamun cutar kuwa, jariri ya ƙi mama, jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ya riƙa numfashi da sauri. Jiƙo ba ya kashe waɗannan ƙwayoyi, sai allurar asibiti, kuma a ranar.