Gishiri, ruwa da hasken madubin ido: daga kwaɗo zuwa Bagega

Madubin da ke bayan baƙin ido, wanda ke tattara haske ya aika da shi can ciki, ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, kuma garau ɗinsa ya dogara ne ga yadda ƙwayoyin halittarsa ke daidaita ruwan da ke cikinsu. Gishiri idan ya narke yakan rabu gida biyu, sodiyam da kuloraid, kowanne ɗauke da cajin lantarki, kuma duk inda suka taru ruwa yakan bi su. Ƙwayoyin madubin suna fitar da sodiyam ba dare ba rana, yayin da kuloraid ke shiga da fita ta wasu ƙananan kafofi a jikin tantaninsu, ta haka ne ƙwaya mai kumburi ke rage ruwa, wadda ta motse kuma ta ƙara.

An auna wannan zirga-zirga a idon kwaɗo, domin madubinsa yana jure zama cikin ruwan gishiri a ɗakin gwaji ba tare da an ɗumama shi ba. George Duncan, wanda ya yi aikinsa a Jami'ar East Anglia ta Ingila, ya wallafa bincike a 1970 kan yadda sodiyam da kuloraid ke ratsa wannan tantani, daga baya kuma gwaji a idon ɓera ya nuna cewa idan aka toshe kafofin kuloraid, ƙwayoyin sukan kumbura, madubin ya dushe. Dushewar nan ita ce yanar ido, wadda binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano ita ke haddasa kashi 43 cikin ɗari na makanta a Najeriya.

Ƙauyen Bagega da ke Zamfara yana da nasa kaso a wannan batu na yanar ido. Gubar dalma da ta bayyana a 2010 daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a Anka da Bukkuyum, ba a kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega ba sai 2013. Dalma kan zauna a ƙashi shekaru masu yawa, kuma wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 kan dattawan Boston ya nuna waɗanda suka fi dalma a ƙashin ƙwauri sun ninka masu mafi ƙarancinta kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da yana. Ya kamata hukumomin lafiya na Zamfara su sa duba ido cikin bibiyar masu niƙan dutse da yaran da suka tsira.