Kalmar « habitation » cikin takardun tallar tsibirin Martinik

A cikin wannan taƙaitaccen nazari mun ɗauki kalma guda daga takardun da ake tallar Martinik da su ga ƴan yawon buɗe ido, wato « habitation ». A faransancin Faransa ma'anarta mazauni kawai. Amma a tsibiran Antiy, tun ƙarni na 17, sunan gonar rake ne, haɗe da wurin matsar raken, da gidan mai gona, da jerin bukkokin bayi. In da za mu fassara ta da hausa bisa gaskiya, rinji za mu ce. Baƙon da ya sauko daga Pari ma'ana ta farko yake karantawa, ɗan ƙasa kuwa ta biyu yake ji, kuma mai talla bai yi wa kowa ƙarya ba.

Nahawu ma yana taimakawa. Jimlolin da ke bayanin waɗannan gidaje galibi ba su da aikau: an gina, an noma, an dasa. Wanda ya sari raken ba ya fitowa. (Sai mu lura cewa « an » namu na hausa yana yin wannan aiki fiye da yadda faransanci ke yin sa, mai fassara ya yi hattara.) Akan ambaci 1848, shekarar da aka soke bauta. Da wuya a ambaci dokar 1849 wadda ta ba da diyya ga iyayengiji, bayi kuwa ba su sami komi ba. Filaye suka tsaya hannun zuriyar turawan farko, waɗanda ake kira « béké », kuma wasu iyalansu ne suka riƙe babban rabo na ayaba da manyan kantuna.

Harshen kereyol yana shiga talla, amma a matsayin ado: « doudou », « ti-punch », sunayen abinci. Kalmar da ta girgiza tsibiran ita ce « pwofitasyon », wato cin riba ta hanyar zalunci, wadda aka yi yajin aikin kwana 44 da sunanta a Gwadalup a 2009, har ya bazu zuwa Martinik. Wannan ba kalmar talla ba ce.

Ga kuma abin da kirarin « tsibirin furanni » ke rufewa. Alƙalumman hukumar ƙididdiga ta Faransa na 2017 sun nuna kashi 33 cikin 100 na mutanen Martinik suna ƙasa da mizanin talauci, alhali a babban yankin Faransa kashi 14 ne. Daga 1972 zuwa 1993 an yi ta zuba maganin ƙwari « chlordécone » a gonakin ayaba, bayan Amurka ta hana shi tun shekarun 1970. Binciken da aka bayyana a 2018 ya same shi cikin jinin sama da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane. Gubar ta bi ruwa ta kai teku, har aka hana su a wasu sassan gaɓar da hotunan talla ke nunawa.