Wuraren Ci da Sha a Unguwannin Kano

A al'adar Bahaushe ta asali, mutumin kirki a gida yake cin abinci. Magidanci yakan zauna a zaure da almuru, a fito masa da akushi, maƙwabta su ma a kawo nasu, a haɗa a yi ciyayya. Wanda aka gani yana ci a bakin hanya kuwa, sai a ɗauka ko baƙo ne, ko gwauro, ko kuma wanda gidansa ba lafiya. Malaman fiƙihu ma sun ƙarfafa wannan ra'ayi, domin sun lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage mutuncin mai ba da shaida, in dai shi ba ɗan kasuwar ba ne. To, duk da haka, ga Kano yau cike take da wuraren sayar da dafaffen abinci, tun daga lungunan cikin birni har zuwa titunan Nasarawa. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne yadda aka yi haka ta faru, da kuma abin da kowace unguwa ke bayyanawa game da mazaunanta ta hanyar abin da take dafawa.

Kano garin baƙi ce tun da daɗewa. Kasuwar Kurmi ta kafu ne a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin za su kai 30,000, ya kuma ce a lokacin rani, sa'ad da ayari ke shigowa, sukan ninka. Amma waɗannan fatake ba su bukaci gidan abinci ba, saboda akwai fatoma. Shi ne mai masaukin da zai ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, a kuma fito masa da tuwo daga cikin gida, shi kuwa ya sami la'adarsa a cikin ciniki. Watau abincin baƙo yana cikin huldar amana ne, ba a yanka masa farashi. Sunan unguwar Alfindiki ma daga kalmar Larabci yake, mai nufin masaukin fatake.

Larabawan Gadamus da Tarabulus da suka zauna a Dandalin Turawa da kewayenta (kalmar Turawa a da su take nufi, kafin zuwan Ingilishi) sun bar wa birnin abincin alkama. Alkama, alkaki, gurasa, duk kalmomin aro ne daga Larabci, haka nan shayi. Har yanzu gurasa ita ce abin da Bakano ke tinƙaho da shi, akwai ma unguwar da ake kira Cediyar 'Yan Gurasa. Mata ne ke gasa ta a tanderu a cikin gida, maza su saro, su yayyafa mata ruwa, su barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, su zuba man gyaɗa da albasa, ta zama bandabashe. Wannan rabon aiki shi ne mabuɗin fahimtar abincin cikin birni gaba ɗaya. Madafar tana cikin gida, a hannun matar kulle wadda mai saye ba zai taɓa gani ba. Kasuwar kuwa tana kan yarinya mai talla, ko a bakin ƙofar zaure. Masana irin su Polly Hill da Enid Schildkrout sun yi rubutu a kan wannan ɓoyayyen ciniki a shekarun 1960 da 1970, suka nuna cewa da ribar ƙosai da ɗanwake da fura mata da yawa ke tara kayan ɗakin 'ya'yansu. Saboda haka baƙon da ya shiga Yakasai ko Mandawari yana neman allo mai ɗauke da sunan gidan abinci, zai iya fita da yunwa alhali kuwa ya wuce gidaje goma da ake sayar da waina a cikinsu. Sai ya tambayi yaro.

Kowane abinci da lokacinsa. Koko da ƙosai na sassafe ne. Waina da miyar taushe, ko sinasir, ko ɗanwake, sun fi tafiya da hantsi zuwa walaha. Turawa sun ƙirƙiro wa kansu suna na musamman don abincin da ake ci tsakanin karin kumallo da na rana, suna kuma ɗaukarsa abin jin daɗin ranar hutu. Leburan Kano ya daɗe yana cin irinsa kullum, ba don nishaɗi ba, sai don ya haɗe ci biyu ya biya kuɗin ɗaya. Da azahar sai fura da nono, ko garau-garau, watau shinkafa da wake da mai da yaji. Da la'asar sakaliya mahauta ke hura wuta, a kafa tsire kewaye da tukuba, balangu kuma ya hau waya.

Babban canji ya zo ne da jirgin ƙasa, wanda hanyarsa ta iso Kano a 1911. Cinikin gyaɗa ya buɗe, aka sami dubban mutane masu aikin lada waɗanda ba su da fatoma, ba su da iyali a kusa: 'yan dako, 'yan ci-rani, akawuna, direbobi. Su ne suka raya sana'ar tuwo-tuwo a Fagge da bakin tasha. Mai tuwo-tuwo yawanci bazawara ce ko wadda mijinta ya mutu, ta kafa rumfa da tukwane da benci. Jama'a na cin tuwonta, suna kuma yi mata kallon banza, don kawai tana hulɗa da maza a fili. Wannan rashin adalci ne bayyananne, kuma har yau bai gushe ba sarai.

Mai shayi ya cancanci a daɗe a kansa, domin teburinsa ya wuce wurin karin kumallo. Kayan aikinsa kaɗan ne: tebur, da benci biyu ko uku, da butar shayi, da gwangwanayen madara da aka jera kamar ganuwa, da burodi, da kaskon suyar ƙwai. Daga ƙarshen shekarun 1980 taliyar Indomie ta shigo ƙasar, ba a jima ba ta zama rabin cinikinsa. Yakan fito bayan sallar asuba, ya tashi da hantsi, ya komo bayan magariba har tsakar dare. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, rediyo ya sami mazauni a irin wannan tebur, aka riƙa jin labarin duniya tare, ana warware shi tare. A nan ake musun siyasa da na ƙwallo, a nan ake jin inda ake neman lebura gobe, a nan baƙon da ya sauka cikin dare zai sami wanda zai nuna masa hanya. Mai shayi na ba da bashi, yana ajiye saƙo, ya san wanda ya kwana biyu bai fito ba. A ƙasashen da ake shan giya a fili, mashayar unguwa ce ke yin wannan aiki. A unguwannin Musulmin Kano, teburin mai shayi ne. Har ya kai ga in ana so a rena magana sai a ce labarin teburin mai shayi ne, amma 'yan siyasa sun san darajarsa, shi ya sa ba sa wasa da abin da ake faɗa a can.

Sabon Gari dabam take. An kafa ta wajen 1913 don ma'aikatan da Turawa suka zo da su daga kudu da sauran ƙasashen bakin teku, kuma sunayen titunanta sun isa shaida: Gold Coast, Abeokuta, Warri, Enugu. A can ne ake samun sakwara da miyar agushi, da amala, da akpu, da farfesun kan akuya irin na Ibo. Rumfar abinci a bakinsu buka ce, kalmar da wasu ke ganin daga bukka ta Hausa ta fito. Ma'aikatan gwamnati Hausawa da yawa a nan suka fara ɗanɗana abincin kudu, tun kafin su taɓa ƙetare Kwara.

Zancen mashaya kuma ba ya rabuwa da Sabon Gari. Ita kalmar a asali tana nufin gaɓar kogi inda mutane da dabbobi ke shan ruwa, daga baya aka ɗora mata ma'anar gidan giya. Tun zamanin Lugga aka hana shigo da barasa Arewa don sayar wa 'yan ƙasa, amma aka yi sassauci ga Turawa da baƙin da ba Musulmi ba, sai sana'ar ta tattaru a unguwa ɗaya. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, aka kafa Hukumar Hisba a 2003, a 2004 kuma doka ta haramta sayar da giya a jihar. A Nuwamban 2013 an farfasa kwalabe kimanin 240,000 a bainar jama'a. A Yulin wannan shekarar ne kuma bama-bamai suka tashi a wuraren shaƙatawa na unguwar, aka yi asarar rayuka. Har yanzu maganar ba ta mutu ba. Masu goyon bayan hani na cewa doka ce ta mafi rinjayen jama'ar jiha. Masu suka kuma na cewa tsarin mulkin ƙasa bai hana wanda ba Musulmi ba sana'arsa, suna kuma tuni da cewa harajin kayan masarufi da aka fara karɓa a 1994 ana raba shi ga dukan jihohi, har da wanda aka tara daga giya.

Nasarawa da Bompai, inda Turawa suka zauna a da, su ne mazaunin gidajen abinci masu tebur da kujera da takardar zaɓen abinci. Kwarori, watau 'yan Labanan, sun kawo shawarma da kofi, Sinawa da Indiyawa sun kawo nasu. Daga baya titin Gidan Zu ya cika da irin waɗannan wurare. Abin lura a nan shi ne, yanzu magidanci kan ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya kai su cin abinci a waje ranar hutu, abin da kakansa zai ɗauka abin kunya ne. Duk da haka kalmar otal ba ta wanke ba. Tana nufin gidan abinci, tana nufin masauki, tana kuma nufin wurin masha'a, shi ya sa masu sabbin wurare ke guje mata a allunansu.

Akwai abin da ya shafi ma'aikatan hukuma kai tsaye. A zamanin En'e duba-gari kan shiga gida-gida yana leƙa randa da kwata, mai abinci kuma na tsoronsa. Yau yawancin abincin da birni ke ci ana dafa shi ne inda babu mai dubawa, ruwansa daga 'yan garuwa yake, ga kwalara na tasowa da damina lokaci-lokaci. Maganin da aka fi saurin kawowa shi ne rushe rumfuna da korar masu tebur daga bakin titi. Wannan yakan share hanya na mako biyu, amma ba ya tsabtace tukunya ko ɗaya, sai dai ya tura ta cikin lungu inda ido ba ya kaiwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 farashin hatsi da gawayi da sufuri ya hau, iyalai da yawa sun tarar sayen ɗanwake a maƙwabta ya fi hura wuta a gida sauƙi, saboda haka masu dogara da waɗannan madafai ƙaruwa suke yi. Famfo guda a kusa da jerin rumfuna, da wurin zuba shara, da rajista mai sauƙin kuɗi wadda bazawara mai tukunya biyu za ta iya biya, sun fi motar rusau amfani, kuma duk suna cikin ikon ƙaramar hukuma.