Jariran Birai da Haƙƙin Dabba

A shekarar 1958, Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin da ke Amurka ya bayyana sakamakon gwajinsa a kan jariran birai. Ya raba su da iyayensu, ya ajiye musu mutum-mutumin uwa biyu: ɗaya ta waya mai ɗauke da madara, ɗaya kuma an lulluɓe ta da tattausan ƙyalle. Biran suka riƙa maƙale wa ta ƙyallen, sai yunwa ta kama su suke zuwa wurin ta wayar. Ashe jariri na bukatar ɗumin jiki, ba abinci kaɗai ba.

Sai dai biran da aka kaɗaita sun tashi cikin firgici, sun kasa cuɗanya da 'yan'uwansu. A yau masana na bin ƙa'idoji ukun da Russell da Burch suka gabatar a 1959: a nemi madadin dabba, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a sassauta musu wahala.