Goron Ciniki da Iyakarsa

A ƙasashen Turai, kamfani kan aika wa abokin cinikinsa furanni domin ƙarfafa hulɗa. A ƙasar Hausa kuwa, goro ne ke wannan aiki tun zamanin da fatake ke ɗauko shi daga Gwanja.

Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Bakalori a 1978, noman rani ya kafu tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Falken da ya zo Birnin Tudu sayen shinkafa, in ya miƙa wa manomi ƙwaryar goro, amana yake nema, wato a ɗaga masa biya bana, a kuma ajiye masa kaya baɗi.

Amma fa ma'aikacin gwamnati ba ɗan kasuwa ba ne. Tsarin Mulki na 1979, haka kuma na 1999, ya hana shi karɓar kyauta saboda aikinsa, sai ta dangi da aminai gwargwadon al'ada. Saboda haka goron da aka kai wa mai rabon ruwa sunansa toshiya, kuma manomin da ruwa bai kai gonarsa ba shi ke biyan kuɗinsa.